Duwatsun Alhusaini da Dozimet Ɗina

Ba zan taɓa mantawa da watan da na yi ina bankwana da duniya ba, alhali ko mura ba ta kama ni ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma tunda rabin Agadez sun riga sun ji labarin a bakin wasu, kowa da gishirin da ya ƙara, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Aikina ɗaukar hoton radiyo ne, wato hoton ƙashi da ƙirji, a wani ƙaramin gidan likita da ke cikin gari. Wanda moto ya kayar, wanda tari ya ƙi sakinsa, tsohuwar da ta zame a bakin rijiya, duk wurina ake turo su, in haska, lokotoro, wato likita, ya duba. Mu biyu ne a ɗakin, ni da abokiyar aikina Rakiya, sai Majo Sidi da ke kan ma'aikatan gidan duka. Shekarata goma sha ɗaya a bakin aiki lokacin, kuma in faɗi gaskiya ina ɗan ji da kaina. (Rakiya ta ce a cire "ɗan", amma ba ita ke ba da labarin ba.)

Duk mai aiki da reyon, wato hasken nan da ido ba ya gani wanda na'ura ke harbawa ya ratsa jiki, dole ya maƙala wani ɗan abu a ƙirjin bulus ɗinsa, farar rigar aiki ke nan. Dozimet ake ce masa, bai kai kwalin ashana ba. Shi ke tara duk reyon da ya taɓa mutum. Bayan wata uku a tattara na kowa a aika Yamai a karanta, a aiko da sabo. Ƙa'idarsa ɗaya ce tak: inda ƙirjinka yake, nan dozimet yake, in ka tashi aiki ka rataye shi a allonsa da ke waje, nesa da na'ura. Ni ne limamin wannan ƙa'ida a gidan. Ranar da Rakiya ta manta nata a kan tabur na minti biyar, na yi mata wa'azin da har maras lafiya ya sa baki ya ce, "Malam, ka yi haƙuri haka nan, ƙafata na ciwo."

To ana nan, sai ga Alhusaini, ƙanen matata Mariyama. Gandamemen mutum ne mai iyali, shekara da shekaru yana haƙar zinariya a Cibarakatan, can kusa da iyakar Aljeriya, kuma kullum saura ƙiris ya yi arziki. Akwai wasa tsakanina da shi, ya san inda zai taɓa ni. Ya shigo mini ofis da rana tsaka, kowa ya tafi salla da cin abinci, ya dire wani buhu a ƙasa, ƙum!

"Yaya, an ce na'urarka tana ganin ƙashi a cikin mutum."

Na ce haka ne.

"To me zai hana ta ganin zinariya a cikin dutse? Ko dai ba ka iya ba ne, sai Madam Rakiya ta dawo?"

Wallahi da ya tsaya a tambayar farko, da na kore shi. Ta biyun ce ta kashe ni. Na ce masa zinariya ta fi ƙashi nauyi nesa ba kusa ba, in tana ciki za ta fito fari fat a hoto. Na rufe ƙofa, na kunna jan fitila don kada kowa ya shigo. Sai na ga duwatsun duk ƙura da kaifi, tabur ɗin da ake kwantar da marasa lafiya kuwa sabo ne, ina lallaɓa shi kamar jariri. Na duba ban ga zanen shimfiɗa ba, mai wanki bai kawo ba. Ni da dabara, sai na tuɓe bulus ɗina na shimfiɗa, muka jera duwatsu a kai.

Ku lura da wannan, don ku san ba jahili ba ne ni: na ja Alhusaini muka koma bayan garkuwar darma da ke tare reyon, na hana shi leƙowa, har na yi masa bayanin haɗarin reyon. Sannan na ƙure ƙarfin na'ura, tunda dutse ba haƙarƙarin mutum ba ne, na harba. Mu juya wannan, in harba. Mu kife wancan, in harba. Na harba ya kai sau ashirin. Ba abin da ya fito sai toka-toka. Alhusaini ya kwashe kayansa yana cewa na'urarmu ce makauniya, ni kuma na kakkaɓe bulus na mayar a jiki, da dozimet ɗina maƙale a ƙirji yadda ƙa'ida ta ce. (Na san kun riga kun gane. Ku yi mini haƙuri, ni sai da na yi wata uku da rabi.)

Na manta da zancen ɗungurungum. Aka aika dozimet, aka aiko da sababbi, rayuwa ta ci gaba.

Wata ranar Talata Majo ya kira ni ofishinsa ya ce in rufe ƙofa. Majo Sidi mutum ne da ko gaisuwa da tsawa yake yin ta, ranar kuwa sai na ji muryarsa ta yi laushi, har ya turo mini kujera. Ya miƙo mini takarda daga Yamai. Na Rakiya lafiya. Na gwajin da ke zama a allon waje lafiya. Nawa kuwa, a wata uku kacal, ya zarce abin da doka ta yarje wa ma'aikaci a shekara guda, har da ɗoriya mai yawa. An ja layi a ƙarƙashin sunana da jan biro.

"Daga yau ba ka shiga ɗakin radiyo sai an gama bincike," in ji Majo. "Ka zauna wurin karɓar takardu. Ka je a ɗebi jininka."

Mai hankali zai tambayi kansa: ni da Rakiya ɗaki ɗaya, na'ura ɗaya, yaya za a yi nawa ya cika nata ya zauna wayam? Na yi wa kaina tambayar, kuma nan take na samu amsa: ai ni na fi ta aiki. Sakamakon jini ya fito lafiya lau, na ce ai abin ba ya nunawa da wuri. Na tono littattafanmu na lakkol, tun muna ɗalibai, na buɗe babin illar reyon, kafin la'asar na samu duk alamomin a jikina. Gajiya, akwai. Rashin cin abinci, akwai (tun da na ga takardar). Zubar gashi kuwa, na shafa kaina na ji tsakiya fayau, na ce shi ke nan, ta faru. Sanƙon nan tun kafin aurena yake, babana ma da shi ya tafi, amma ranar na ga abin sabo. Tsoro na gaske na ji, ba na wasa ba. Ina kallon ƴata Zara tana cin tuwo, sai hawaye.

Daga nan na yanke shawarar da har yau nake cizon yatsa a kanta: in nemi gafarar jama'a tun da sauran numfashi, kuma in yi ta dalla-dalla, ba irin "a yafe mini duk abin da na yi" ta ranar Salla ba.

Na fara da Rakiya. Na ce mata cuku da dabinon da ke ɓacewa a aljihun tabur ɗinta shekara biyu, ba ɓeraye ba ne. Ta ce, "Kai ne ka raka ni kasuwa na sayi tarko fa." Na ce ni ne. Ta dube ni, ta dubi ramar da na yi, ta share ido da bakin gyale ta ce ta yafe duniya da lahira. Washegari ma ta kawo mini cuku sabo, ta ce in ci in samu ƙarfi.

Na je wurin Majo na ce masa in ba ya nan ina kwaikwayon tafiyarsa ma'aikata na dariya. Ya ce, "Yi mu gani." Na ce Majo, a halin da nake ciki? Ya ce, "Yi mu gani." Haka na tashi na turo ciki, na maida hannu baya, na zagaya ofishinsa sau biyu ina gyaran murya. Bai yi dariya ba. Ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Babbar kuwa a gida take. Na zaunar da Mariyama bayan la'asar na ce, "Maman Zara, akwai abin da na ɓoye miki shekara tara." Ta dafe ƙirji. Na ce dambun zogalen da take yi kowace Juma'a, wanda nake yabawa har in ce babu irinsa a Agadez, ban taɓa son sa ba. Kuma daɗewar da nake yi bayan masallaci ba gaishe-gaishe ba ne, gidan yayata nake biyawa in cika cikina da shinkafa, in zo in ɗan taɓa nata. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Baban Zara, wannan ne zai dame ka yanzu? Na yafe, wallahi na yafe, kai dai ka tashi." Na ji daɗi har cikin raina, na ce ashe mutuwa ma tana da ranarta.

Ana cikin haka sai ga takardar gayyata. Ƙungiyarmu ta masu aiki da reyon a jihar za ta yi taron kwana biyu a nan Agadez, kuma wata ƙwararriya za ta zo daga Yamai, daga wurin da ake karanta dozimet ɗinmu. Taro ne da ke haɗa mutanen da in ba nan ba ba sa haɗuwa. Ga mu masu hoton gidan likita. Ga masu kula da lafiyar ma'aikatan ma'adinai na arewa, kowa da na'urarsa mai ƙara a jaka. Ga wani injiniya daga wajen Cirozerin da ya yi bayanin yadda ake auna kaurin ƙarfe da cikar tanki da reyon ba tare da an buɗe ba. Ga mutanen ruwa, waɗanda ke ɗibar ruwan rijiya su gaya maka ko na daminar bara ne ko ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa tun kafin kakannin kakanninmu. A da, irin wannan taro ni ne mai ɗaga hannu a gyara wa kowa magana. Wannan karon na sa farar riga, na zauna a gaba, na langaɓe kai. Labarina ya riga ni isa, kowa ya zo gaishe ni sai ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Rana ta biyu da safe aka ce ƙwararriyar za ta yi magana a kan kula da dozimet. Madam Fati sunanta, ƴar siririya mai tabarau, ba ta da hayaniya. Kafin ta miƙe sai na ɗaga hannu na roƙi minti biyar. Shugaban taro ya dube ni da tausayi ya miƙo mini mikoro. (Da akwai mai ƙaunata a ɗakin nan, da ya cire waya daga bango.)

Na ce, "Chers collègues, abokan aiki, ku dube ni da kyau. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa karya ƙa'ida ba ko sau ɗaya, Madam Rakiya shaida ce. Duk da haka ga inda aikin nan ya kai ni. Ban yi nadama ba. In na tafi, na tafi ne a kan hidimar marasa lafiya. Ku dai ku riƙe dozimet ɗinku kamar yadda na riƙe nawa." Na ƙara da wasu maganganun da ba zan maimaita ba ko an ɗora mini wuƙa. Muryata ta karye a daidai inda ya kamata. Wata ma'aikaciya daga arewa ta fitar da hankici. Aka tafa mini, wasu a tsaye.

Madam Fati ta karɓi mikoro, ta gyara tabarau.

"Bon," ta ce. "Na zo da wani misali da na yi niyyar nunawa ba tare da suna ba, in ga mai shi a keɓe bayan an tashi. Amma ina ganin mai shi ya riga ya gabatar da kansa."

Ta haska hoto biyu a allo. Ta yi bayani cewa a cikin kowane dozimet akwai ƴan ƙananan ƙarafa, kuma reyon in ya ratsa yakan bar inuwarsu. In dozimet yana jikin mutum, inuwar takan fito dishi-dishi, saboda mutum yana juyawa, yana sunkuyawa, yana numfashi, reyon yana zuwa masa ta ko'ina. Ta nuna na hagu, dishi-dishi. Sannan ta nuna na dama.

"Wannan na abokin aikinmu ne. Kun ga inuwar? Tsaf, kamar an ja ta da reza. Wannan dozimet ba a jikin mutum yake ba lokacin da ya sha reyon. A kwance yake, fuskarsa sama, a tsakiyar haske, aka yi ta harbinsa da ƙarfin da ba a ɗaukar hoton ɗan Adam da shi. Kuma ga wani abu mai kauri da ya rufe kusurwarsa, bakinsa a karkace. Mun yi ta gardama a kai a wurin aiki. Wani ya ce kamar dutse."

Dutse.

Jama'a, ban san ko kun taɓa jin farin ciki da kunya sun shigo ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya ba. Cikin daƙiƙa guda na ga buhun Alhusaini, na ga bulus ɗina a shimfiɗe, na ga kaina a bayan garkuwar darma ina wa'azi. Zuciyata ta ce, ba za ka mutu ba! Sai ta ƙara da cewa, kaico, da ma ka mutu. Gumi ya karyo mini har cikin takalmi.

Madam Fati ta ci gaba a hankali. Ta ce in ba a gano yadda abin ya faru ba, dole ta rubuta cewa a rufe ɗakin radiyonmu, a kwance na'urar a bincika, kuma hakan yakan ɗauki watanni. Na waiga na ga Rakiya, na ga Majo. Na tuna layin mutanen da ke zaune a bencinmu kowace safiya da karaya da tari. Na so in yi shiru, wallahi na so, har na fara nazarin ko in suma. Amma ƙafafuna suka miƙe da kansu.

Na ce, "Madam, dutse ne."

Kowa ya juyo yana kallona, na ci gaba.

"Duwatsu ne ma. Na ƙanen matata. Daga Cibarakatan. Mun... mun duba ko akwai zinariya."

"Dozimet ɗin fa?"

"Yana jikin bulus."

"Bulus ɗin fa?"

"Shi na shimfiɗa, kada tabur ya ƙarje."

Can daga baya wani dattijo cikin mutanen ma'adinai ya ɗaga hannu da ladabi, kamar zai yi tambayar ilimi, ya ce, "Gafara dai, abokin aiki. An dai samu zinariyar?"

Na ce, "Ko ƙyalli."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarin ganga ne. Injiniyan Cirozerin ya kifa kai a tabur yana dukansa. Mai hankici ta ci gaba da share hawaye, amma na wani dalilin daban. Madam Fati ta juya wa jama'a baya tana gyaran takardun da ba su buƙatar gyara, kafaɗunta na rawa. Rakiya kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ƙura mini ido daga inda take, ta ɗaga yatsa biyu, ta motsa baki ba sauti: cuku, shekara biyu. A lokacin shan kafe na nemi lungu na tsaya, amma har can aka biyo ni ana tambayar ko ina duba gishirin Bilma, wani ma ya ce yana da tukunyar kakarsa da yake zargi.

Ba a rufe ɗakin ba, wannan kam na gode wa Allah. An rubuta mini gargaɗi mai zafi wanda na cancanta, don na'urar marasa lafiya ce na yi wasa da ita, kuma na san haka tun ranar. Majo ya kira ni ya sa hannu a takardar komawata aiki, muryarsa ta dawo daidai yadda na san ta. Ya ce daga yanzu duk sabon ma'aikacin da aka kawo, ni zan zaunar da shi in ba shi labarin nan da bakina, daga buhu har jawabi, kada in tsallake jawabin. Da na juya zan fita ya ce, "Ka lura da tafiyarka. Ina kallo."

Da na isa gida na tarar Mariyama a tsakar gida tana tsince zogale. Na tsaya a kanta na ce, "Maman Zara, albishirinki. Ba abin da ya same ni. Kuskure ne, lafiyata ƙalau." Ta ajiye faranti, ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala har sau uku, hawaye na zuba, ta aika a gaya wa maƙwabta. Sai da ta natsu ta sa na ba ta labarin tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta jawo farantinta.

"To madalla. Tunda kana nan tare da mu, wanke hannu. Dambu ne yau."

Na ce ai yau Alhamis ce.

Ta ce, "Na sani. Gobe ma shi ne. Kuma na aika wa yayarka cewa ta huta da dafa shinkafar Juma'a."

Abin da na koya ke nan, kuma kyauta nake ba ku: gafarar da aka yi wa mai mutuwa, ta mai mutuwa ce, in ya fasa tafiya sai a sake zama. Saboda haka duk ranar da takarda ta zo da jan layi a ƙarƙashin sunanku, ku fara zama ku tuna shirmen da kuka yi a wata ukun da suka wuce, kafin ku buɗe baki ku faɗi na shekara tara.